Ɗantani ɗaya, shafi uku: mu tsayar da magana kafin kowa ya sake buɗe sabon shafi

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na zauna in ƙara 'yan bayanai a shafin Ɗantani a wikinmu, wato kundin da muke rubutawa tare a kan shirin Daɗin Kowa na Arewa24, sai na tarar ba shafi ɗaya gare shi ba. Akwai "Dantani", akwai "Dan Tani Mai Shayi", akwai kuma "Ɗantani (mai shayi)". Kowanne da abin da aka rubuta a ciki, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Na leƙa Alawiyya, ita ma biyu ce, ɗaya da y ɗaya, ɗaya da y biyu. Da na shiga ɓangaren kashi-kashi kuwa sai kaina ya ɗau zafi: wani ya sa "Kashi na 12", wani "Fita ta 12", wani ya rubuta da Turanci. Ba laifin kowa nake nema ba, ni kaina akwai aikina a cikin wannan ruɗanin. Roƙona shi ne kowa ya dakata da buɗe sabon shafi har mu yarda da tsari ɗaya. Gyaran shafi ɗari ya fi gyaran dubu sauƙi.

Dan Kwari: Wa alaikumus salam Anti. Ni ne na bude Dantani din farko, kuma a ganina shi ya kamata a bari. Mutum nawa ne ke da harufan nan masu lankwasa a wayarsa? Ku duba YouTube, ai Dadin Kowa ake rubutawa kuma kowa ya gane. Idan mutum ya buga Dantani bai samu komai ba fita zai yi, ba zai zauna neman kugiya ba.

Baba Malam: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Kwari, kafin in ba ka amsa ga wata jimla da na kwafo daga cikin shafinmu yanzun nan, ka fassara mini ita: "Adama ta bata kudin."

Dan Kwari: Ai a fili take Baba. Ta lalata kudin.

Anti Mai Ɗinki: A'a, ni ce na rubuta ta, kuma nufina ta miƙa wa wata kuɗin ne. Ta ba ta.

Baba Malam: To ka gani. Mutum biyu, jimla ɗaya, ɗaya ya ce kyauta aka yi, ɗaya ya ce ɓarna. Kuskure biyu ne ya haɗu a wurin, rashin ƙugiya da haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Shekara talatin na yi ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin irin wannan. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Garin da shirin nan ya ɗauki sunansa daga daɗi ya samo shi, kuma daɗi da ɗ ake rubuta shi. Wanda zai aika saƙon "ina zuwa" ga abokinsa ya rubuta yadda ya ga dama, ba ruwana. Amma mu ajiya muke yi, wadda yaron da ba a haifa ba zai zo ya karanta. Ajiya kuwa ba a yin ta da ƙwarya mai huji.

Dan Kwari: Na yarda Baba a cikin rubutu. Ni maganata a kan sunan shafi ce. Shago ko ya cika da kaya idan ba a gane kofarsa ba ai ciniki ba zai yiwu ba.

Ɗan Kwamfuta: Ku biyun duka za ku iya samun abin da kuke so, babu wanda zai yi asara. Manhajar da wikinmu ke kanta, MediaWiki, ita ce dai ta Wikipedia, kuma tana da abin da ake kira shafin turawa. Za mu ajiye bayanin gaba ɗaya a shafi guda, mu ce "Ɗantani". Sai sauran sunayen su zama ƙofofi kawai: a buɗe "Dantani", a goge komai, a rubuta #REDIRECT sannan sunan babban shafin. Duk wanda ya buga Dantani ba ƙugiya zai tsinci kansa a cikin Ɗantani mai ƙugiya, bai ma san an juya shi ba. Ƙofa goma za a iya yi wa ɗaki ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ƙofa ta tura ka wata ƙofar ita ma ta tura ka gaba. Manhajar tsalle ɗaya take yi ta tsaya. Saboda haka kowace ƙofa ta nufi ɗakin kai tsaye.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani: harafin farko na sunan shafi ne kaɗai manhajar ba ta damu da girmansa ba. Bayan shi, "Mai Shayi" da "mai shayi" shafuka biyu ne a wurinta. Rabin tagwayen shafukan da muke da su daga nan suka fito.

Badamagare: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina biye da ku daga Damagaram. Tun da an shiga maganar ƙugiya, to ku tuna ƙugiyoyin huɗu ne, ba ukku ba. Mu a nan ƴ muke rubutawa, da ita aka koya muna a lakwal. Shafin da na buɗe na ƴan sandan garin, wani ya bi ya maida shi 'yan sanda, bai ko yi mini sallama ba.

Dan Kwari: Ni ne. Na dauka wayarka ce ta samu matsala.

Badamagare: Bakano ke nan. Abin da bai gani a Kantin Kwari ba, a wurinsa babu shi a duniya.

Dan Kwari: To ai duk abin da babu shi a Kwari ba a fara kera shi ba tukuna.

Baba Malam: Ku bar wasan nan na kakanni, ku saurara. Badamagare yana da gaskiya, ba kuskure ya yi ba. Tun taron Bamako na 1966 ake zama ana neman daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, kuma har yau Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Duka biyun ƙa'ida ce a gidanta. Shawarata ita ce, tun da shirin na Arewa24 ne, a Kano ake yin sa, sunayen shafuka su bi rubutun Najeriya. A cikin shafi kuwa, in mutum ya fara da ƴ kada wani ya bi shi da gyara, sai dai kada a cakuɗa biyun a shafi ɗaya.

Ɗan Kwamfuta: Baba, a gafarce ni, a nan zan ɗan ja. Ta fuskar na'ura ƴ ta fi 'y zaman lafiya nesa ba kusa ba. Alamar nan da muke sa wa kafin y ba iri ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasa wadda wasu wayoyi ke sakawa da kansu, akwai kuma wata ta uku da masana harshe ke amfani da ita. Ido ba ya rarrabe su sosai, amma manhaja tana ganin haruffa uku daban. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mahaɗi ya yi ja, alamar babu shafin, alhali shafin yana nan. Ƙari a kan haka, a rubutun wiki wannan miƙaƙƙiyar alamar ce ake jerawa biyu don karkata rubutu, uku don kaurara shi. Ka zo kaurara kalmar 'Yan a farkon shafi, sai su zama huɗu a jere, abin ya fito a karkace.

Uwar Biyu: To me kake ba da shawara, mu koma ƴ gaba ɗaya?

Ɗan Kwamfuta: Da son raina ne, e. Amma na san yawancin masu karanta mu 'y suka saba gani. Na yarda da Baba a kan suna, da sharaɗi ɗaya: miƙaƙƙiyar alama kawai a sunan shafi, sannan kowane irin shafi a yi masa ƙofa mai ƴ. Shafukan da abin ya shafa ba su da yawa.

Badamagare: Na yarda. Amma a rubuta a cikin ƙa'ida cewa ƴ ba kuskure ba ce, don gobe wani Bakanon zai zo.

Anti Mai Ɗinki: Ni duk wannan maganar haruffan ba ita ta fi damuna ba, ku yi haƙuri. Ku buɗe shafin Kamaye ku karanta daga sama har ƙasa. Sakin layi na farko yana maganar mijin Adama. Na biyu ya koma maganar finafinan da ya yi a Kannywood kafin shirin. To wa ya yi finafinan? Kamaye dai bai taɓa yin fim ba, mutumin garin Daɗin Kowa ne, yana can yana fama da gidansa. Wanda ya yi fim Ɗan'azumi Baba ne, mai fitowa a matsayin Kamaye. Mun ɗauki mutum biyu mun ɗinke su a riga ɗaya. Na san daga inda abin ya samo asali, don ko a gidan biki aka ga waɗannan mutanen da sunan shirin ake kiransu, wasu ma ba a san sunansu na yanka ba. Amma abin da baki ya saba ba dole ne alƙalami ya bi shi ba.

Auta: Anti to ba wahala ba ce shafi biyu ga mutum ɗaya? Hoton ma ai ɗaya ne.

Anti Mai Ɗinki: Auta, kin kalli Labarina? Sumayya guda ɗaya ce a labari, amma Nafisa Abdullahi ta fara fitowa a matsayinta, daga baya Fati Washa ta karɓa. Da masu rubuta tarihin wancan shirin sun haɗa Sumayya da jarumar a shafi ɗaya, ranar da aka yi canjin me za su yi? Su goge ranar haihuwar wata su sa ta wata? Shiri mai dogon zango ya gaji haka. Mutane na yin aure, suna tafiya karatu, suna barin sana'ar, wasu Allah Ya yi musu rasuwa, labari kuma yana ci gaba. Namu shirin tun 2015 ake yin sa. In ba mu raba tun yanzu ba, wata rana za mu raba cikin gaggawa.

Uwar Biyu: Wannan magana ta shige ni. Kuma akwai wani amfanin da ban ji an ambata ba. Satin da ya wuce na goge wani sakin layi a shafin wata jaruma, wanda ba komai a cikinsa sai jita-jitar aurenta da aka kwaso daga TikTok. In an raba shafukan, dokar kowanne za ta fito fili. A shafin mutumin cikin labari, duk abin da ya faru a shirin halal ne a rubuta, ko sata ya yi ko saki. A shafin ɗan wasa kuwa mutum ne mai rai, mai iyali da mutunci: aikinsa kawai za a rubuta, da abin da ya faɗa da bakinsa a hirar da za a iya nunawa. Ba gidansa, ba lambar waya, ba wa ya aura wa ya saka.

Baba Malam: Allah Ya yi miki albarka. Wannan ko ba a yi ƙuri'a ba na sa hannu. Amma ga wata da na san za mu sha daga a kanta. Na ga Ɗan Kwamfuta ya fara cire "Malam" da "Alhaji" da "Hajiya" daga sunayen shafuka. Wa ya ba da wannan izinin?

Ɗan Kwamfuta: Ba wanda ya ba ni, Baba, kuma na tsaya tun da Anti ta yi magana. Dalilina shi ne in ka buɗe rukunin mazan garin, kusan kowa yana ƙarƙashin harafin M, saboda kowa Malam ne. Jerin ya daina amfani. Sannan laƙabi yana canzawa. Wanda yake Malam yau, in marubuta suka kai shi Makka gobe ya zama Alhaji. Amarya ta haihu ta zama Maman wane. Duk canji sai mun sauya sunan shafi mun bi mahaɗai muna gyara.

Baba Malam: Ɗana, ka yi tunanin injiniya, ba ka yi na Bahaushe ba. Akwai dattijon da in ka cire masa Malam ka kira sunansa tsirara, kai kanka sai ka ji kunya, ko da a labari ne. Matarsa ba ta faɗin sunan, 'ya'yansa ba sa faɗa, maƙwabta ba sa faɗa. Sunan da ba wanda ke furtawa a cikin shirin, ta yaya zai zama shi ne a saman shafi? Mai kallo zai zo neman wanda ya sani, ya tarar da baƙo.

Anti Mai Ɗinki: Kuma ba Malam kaɗai ba. Ayuba Maigadi fa? Ka cire Maigadi ka bar Ayuba, sai an tsaya tunanin wane Ayuban. Sana'ar ta riga ta zama suna. Haka muke a gari ma, ni nan unguwarmu in ka tambayi sunana na yanka ba mai nuna maka gidana, amma ka ce mai ɗinki yaro ƙarami zai kawo ka.

Dan Kwari: To ashe Dan Tani Mai Shayi din ma yana da hujja kenan.

Anti Mai Ɗinki: Yana da ita, amma shi ko ka ce Ɗantani kawai an gane, babu na biyunsa. Bambancin ke nan.

Ɗan Kwamfuta: To bari in janye rabi. Matsalar harafin M tana da magani ba tare da an taɓa suna ba. Akwai wata 'yar umarni, DEFAULTSORT, da ake sakawa a ƙasan shafi, tana gaya wa rukuni a wane harafi zai jera shafin. Sai sunan ya zauna da Malam ɗinsa a sama, amma a jeri ya faɗa ƙarƙashin harafin sunansa. Dama dole mu yi amfani da ita saboda wani dalilin: ku duba rukunin yanzu, za ku ga Ɗantani yana can ƙasa bayan Z, domin manhajar tana jera Ɓ da Ɗ da Ƙ bayan haruffan Turanci sun ƙare. Masu farawa da 'Y kuma suna can sama kafin A. Da wannan umarnin za mu mayar da kowa layinsa.

Rabin da ban janye ba shi ne, "sunan da aka fi ji a shirin" ba ƙa'ida ba ce da za a iya aunawa. Wa zai zauna ya ƙirga? Ni zan ce an fi cewa kaza, Anti ta ce a'a. Na fi son abin da za a iya nunawa da yatsa, wato yadda aka rubuta a jerin sunayen da ke fitowa a shirin.

Baba Malam: In jerin ya zo ba ƙugiya fa? Ka ga mun dawo gidan jiya.

Ɗan Kwamfuta: Sai mu ɗauki sunan daga jerin, rubutun kuma daga ƙa'ida. Su faɗa mana wane ne, Baba ya faɗa mana yadda ake rubuta shi.

Baba Malam: Ka iya lallashi. Ban gamsu duka ba, amma a ci gaba, zan dawo kanta.

Badamagare: Tambaya. Shafin "Daɗin Kowa" na shirin ne ko na garin? Yanzu in ka shiga, farkonsa tashar da ke nunawa, tsakiyarsa kasuwa da unguwanni.

Uwar Biyu: Ka taɓo wani ciwon. Har wani bawan Allah ya taɓa shigowa ya ƙara mana bayanin madatsar ruwa, da zuciya ɗaya, yana zaton Dadin Kowa ta jihar Gombe muke nufi, wadda ke bakin kogin Gongola. Akwai kuma unguwa mai wannan sunan a Jos. Ina ganin a yi "Daɗin Kowa (shiri)" da "Daɗin Kowa (gari)", sannan a saman na garin a sa layi ɗaya cewa wannan ƙagaggen gari ne na cikin labari.

Ɗan Kwamfuta: Tun da wikin gaba ɗaya na shirin ne, shirin ya riƙe sunan ba tare da baka ba, garin ne kawai zai ɗauki "(gari)". Ya fi sauƙin mahaɗi, don sunan shirin ne za a fi ambata.

Uwar Biyu: Ba damuwa, hakan ma ya yi.

Auta: Ni fa akwai abin da nake son faɗa tun ɗazu ina jin tsoro. Shafin Alawiyya na biyu ni na yi shi. Na ga an rubuta da y ɗaya, ban san yadda ake canza suna ba, sai na buɗe sabo na kwafe komai na liƙa a can. Na so in goge tsohon ban ga wurin gogewa ba. Don Allah a yi haƙuri.

Anti Mai Ɗinki: Ashe ke ce! Na yi kwana biyu ina ƙara bayani a tsohon, ina mamakin me ya sa ba na ganinsa in na shiga ta shafin Nazir.

Ɗan Kwamfuta: Ba komai ƙanwata, kusan kowa da haka ya fara. Ga dalilin da ya sa ba a so. Kowane shafi yana da tarihinsa, inda ake ganin wa ya rubuta me, a wace rana. In kika kwafe kika liƙa, sabon shafin zai nuna ke kaɗai kika rubuta duka, aikin su Anti ya ɓace daga lissafi. Ba maganar alfahari ba ce kawai: lasisin da muke rubutu a ƙarƙashinsa, CC BY-SA, sharaɗinsa ne a ambaci waɗanda suka yi aikin, kuma tarihin nan shi ne ambaton. Hanyar da ta dace ita ce maɓallin sauya suna, yana cikin jerin da ke kusa da maɓallin gyara. Shi yana ɗaukar shafin da tarihinsa gaba ɗaya, ya kuma bar ƙofa a tsohon sunan da kansa. Na Alawiyya ki bar mini, masu kula suna da hanyar haɗe tarihi biyu, sai dai aiki ne mai son natsuwa. Kada kowa ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu yau.

Auta: Na gode Yaya. Wallahi na ɗauka kora ta za a yi.

Uwar Biyu: Wa zai kore ki, ke da kika fi kowa rubuta kashi-kashi? Ma zo kansu. Ni dai "Kashi na" nake so, shi kunne ya saba da shi, zango da kashi. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. "Kashi na 12" na wanne, na farkon shirin ko na Sabon Salo? Sai an faɗa a cikin sunan: "Sabon Salo, Kashi na 12".

Auta: Anti kuma a rukuni kashi na 100 yana zuwa kafin na 12, na rasa dalili.

Ɗan Kwamfuta: Harafi-harafi take dubawa, ba ta san ɗari ya fi sha biyu ba. Ta ga 1, sai ta kwatanta 0 da 2. Maganin dai DEFAULTSORT ne: a can ƙasa ki rubuta 012, a sama suna ya zauna 12 yadda mutane ke karantawa. Sannan a akwatin bayani mu ware gurbi biyu na kwanan wata, ranar da aka nuna a talabijin da ranar da aka ɗora a YouTube. Yanzu wasu na sa wannan wasu na sa wancan a gurbi ɗaya. Wanda bai tabbatar ba ya bar gurbin fanko.

Baba Malam: Fanko ya fi ƙarya. Haka ma gurbin shekaru da na ƙabila da na addini da na ga an saka a akwatin mutane. Shirin nan ya tara mutane iri-iri a gari ɗaya, irin su Stephanie, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake son sa. Amma kada wani ya dubi suna ko shiga ya yanke wa mutum ƙabila. In an faɗa a shirin, a rubuta, a sa lambar kashin da aka faɗa. In ba a faɗa ba a wuce.

Anti Mai Ɗinki: Saura abu ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya buɗe shafi don ya tuna wace ce wance, layin farko ya gaya masa yadda ta ƙare. Ƙanwata ba ta daɗe da fara kallo daga farko ba, shafinmu ya ɓata mata abin da ta yi wata tana jira.

Dan Kwari: Wanda baya son ya sani me ya kawo shi wiki? Ai kamar ka shiga mahauta ne kace baka son ganin jini.

Anti Mai Ɗinki: Ban ce a ɓoye ba. Cewa na yi kada a tare mutum da shi a bakin ƙofa. Sakin layin farko ya faɗi wane ne, me yake yi, wa ya haɗa da shi. Labarinsa ya biyo baya a jere, zango bayan zango, kowane da kansa. Mai karatu ya tsaya inda kallonsa ya tsaya.

Ɗan Kwamfuta: Wannan tsarin zai magance wata matsalar ma. Yanzu wasu na rubuta "yana sayar da shayi", wasu "ya kasance yana sayar da shayi", har mutum ya ɗauka an kashe shi a labarin. Manyan wikin masoya sun daɗe da yanke wannan. Memory Alpha ta masu kallon Star Trek, wadda aka fara a 2003, tana ba da labarin mutanenta kamar tarihin da ya riga ya wuce. Mu ba sai mun bi su ba. A Hausa ya fi daɗi gabatarwa ta zo da "shi ne", "ita ce", labarin zango kuma ya zo da "ya tafi", "ta ce".

Baba Malam: Kuma a rage "ya kasance". Ta yi yawa, kowane layi sai an kasance.

Uwar Biyu: To alhamdu lillahi. Zan buɗe shafi mai suna "Ƙa'idojin rubutu" yau da daddare in zuba abin da muka yarda a kai, Baba ya duba Hausar, Ɗan Kwamfuta ya ƙara misalan umarnin nan biyu yadda za a kwafa. Maganar Malam da Alhaji zan rubuta cewa ba a gama ba, kowane shafi ya zauna da sunan da yake da shi har Juma'a. Anti, ke da Auta ku jero mini duk shafukan da aka cakuɗa ɗan wasa da mutumin labari. Badamagare, ƙofofin ƴ naka ne. Ɗan Kwari, kai kuma aikinka ɗaya: ka shiga saitin Gboard, allon rubutun wayarka, ka ƙara Hausa a cikin harsuna.

Dan Kwari: Yanzu ma yaron shagona yake saka min.

Badamagare: A yi masa a hankali, kada ƙugiya ta kama masa yatsa.

Ɗan Kwari: Ga shi ya hau. Har sunana na gyara. Ɗaɗin Ƙowa! Baba ya ka gani?

Baba Malam: Ka cire biyu, ka bar ta tsakiya.